Hirar Gindin Darbejiya da Nauyin Maganar Malami

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango

 

Da aka nemi mu yi jawabi, an bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai. Mun so mu ɗauko batun ƙarin girma da ya maƙale, ko na kuɗin hutu, sai muka ga waɗannan suna da masu su, sakataren reshe zai zo da su da takardu a hannu. Saboda haka muka zaɓi abin da kowa a cikin ɗakin nan yake yi kullum ba tare da an sa shi ba, wato hirar da muke yi a gindin darbejiya idan an fita tara.

Kowace makaranta tana da irin wannan majalisa. Benci biyu, tabarma ɗaya, mai ƙosai ko mai awara a gefe, waya a hannun kowa. A cikin minti 30 mukan naɗa gwamna mu tuɓe shi, mu yanke hukunci a kan allurar da ma'aikatan lafiya suka zo yi wa yara, mu raba ƙasar nan tsakanin Sinawa da Turawa, sannan mu ƙare da gardama a kan wace kwamfuta ce ta fi ƙarko. Sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya karkaɗe rigarsa ya koma aji, a zatonmu magana ta ƙare a nan.

To, ba a nan take ƙarewa ba. Mai ƙosai ta ji, maigadi ya ji, yaron da muka aika ya ɗebo mana ruwa ya ji. Kafin magariba an maimaita ta a tsakar gida, an ɗora mata hatimin da ya fi kowane hatimi ƙarfi a ƙauye: "Ai malamai ma sun faɗa." A garuruwa da yawa malami ne mai karanta wa mutane katin asibiti, shi ne mai cike musu fom, shi ake nuna wa saƙon da banki ya turo a waya. Wanda aka yarda da idonsa a kan takarda, an yarda da bakinsa a kan komai. Abin da muke so mu faɗa yau ke nan: malami ba shi da maganar wasa a kan abin da ya shafi rai ko dukiyar jama'a. Ba cewa muke mu yi shiru ba. Cewa muke mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci, domin magana zarar bunu ce.

Hirar malamai tana da tarihi a ƙasar nan. A shekarun 1940, a garin Bauci, akwai wani zaure na tattaunawa da 'yan boko kan haɗu su yi muhawara a kan mulkin En'e da halin da talaka yake ciki. Cikin masu zama akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, biyun ƙarshe kuwa malamai ne a Makarantar Midil ta garin. Malam Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya zama jagoran NEPU daga baya, Malam Abubakar kuma ya zama Firayim Minista a 1957. Su ma hira suke yi kamar yadda muke yi. Bambancinmu da su shi ne sukan karanta kafin su zo majalisa, kuma idan mutum ya kawo magana sai an tambaye shi hujja.

Bari mu fara da rigakafi, domin a nan ne muka yi kuskuren da har yau bai bar zuciyarmu ba. A 2003 muna sababbin malamai, tawadar takardar NCE ɗinmu ko bushewa ba ta gama yi ba. A shekarar ce magana ta cika gari cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa, wasu ma suka ce har da ƙwayar ƙanjamau. Wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano, suka dakatar da aikin. Lokacin kuwa Amurka ta shiga Iraƙi da yaƙi, zukata cike suke da zargi.

Adalci ne mu faɗa cewa ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Har ila yau mutane suna da wata tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin mu har ɗaki da ɗigo kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro muka je asibiti sai a rubuta mana takarda a ce mu saya a waje? Wannan tambaya ce da ta cancanci amsa daga hukuma. Kuskurenmu shi ne mun mayar da tambaya ta zama hukunci.

Wata rana a waccan shekara, a gindin bishiyar makarantarmu, mu da bakinmu muka ce mu dai ba za a ɗiga wa 'ya'yanmu ba. A lokacin ko aure ba mu yi ba, ballantana 'ya'ya. Cika baki ne kawai na saurayi mai son a ce ya waye. Akwai wani magidanci a wurin da ya zo biyan kuɗin jarrabawar babban ɗansa. Bayan kusan shekara biyu, ƙaramin ɗansa ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya tashi ƙafafunsa biyu ba sa ɗaukarsa. Da muka je dubiya, uban bai zarge mu ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ai da masu ɗigon suka zo na hana, tunda na ji ku ma ba ku yarda ba." Mun sha ruwa a gidan, amma ba mu san yadda ya wuce maƙogwaronmu ba.

Abin da ya faru a gidan nan ya faru a gidaje da yawa. Kano ta koma yin rigakafin a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonesiya. Amma kafin nan ƙwayar cutar ta riga ta kama hanya. Ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta kai Sudan da Yaman, ta kai har Indonesiya ɗin kanta a 2005, bayan ƙasar ta shekara 10 ba ta ga cutar ba. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 suka shanye a Nijeriya. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe masu aikin rigakafi 9 a Kano, galibinsu mata masu neman abin da za su ciyar da iyali. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi suka shiga, malaman addini suka shiga, waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa bin gida-gida suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. An ga ƙwayar asali ta ƙarshe a Barno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Yanzu idan uba ya tambaye mu, "Tunda an ce cutar ta tafi, ɗigon na mene ne kuma?", ya kamata mu san amsa, kuma mu faɗe ta yadda take. Na ɗaya, ƙwayar asali tana nan a Pakistan da Afganistan, jirgin sama kuma ba ya tambayar wa ya ɗauko. Na biyu, ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana domin jiki ya koyi yaƙi da ita. A garin da mafi yawan yara ba su samu rigakafi ba, wannan raunanniyar ƙwaya tana iya daɗewa tana yawo daga yaro zuwa yaro ta hanyar bahaya da ruwa marar tsafta, har ta sake yin ƙarfi. Maganin wannan shi ne yara su samu rigakafin gaba ɗayansu. Gaskiyar da aka faɗa cikakkiya ta fi saurin shiga zuciya a kan wadda aka gutsure.

Mun kuma ga abin da mashaƙo ya yi daga ƙarshen 2022, inda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, kuma akasarin waɗanda suka kamu yara ne da ba a kammala musu allura ba. Rigakafinsa yana cikin allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14, kyauta. Kakanninmu suna da tabon lamba a damtse, shi ya sa 'ya'yanmu ba su san agana ba sai a labari. Amma darasin 1996 shi ma kada mu yar da shi. Tun daga Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma makarantu na cikin wuraren da ake yi. Haƙƙin shugaban makaranta ne ya tabbatar an sanar da iyaye tun kafin ranar, an kira su an yi musu bayani, an ga takardar shaidar ma'aikatan, an ga maganin a cikin akwatin sanyi, an duba ranar ƙarewar aikinsa. Allurar da aka yi wa yarinya iyayenta ba su sani ba, ko da ta alheri ce, iri ce ta jita-jitar gobe.

Sai batun baƙi masu kuɗi. A majalisarmu akwai ɓangare biyu. Wasu da sun ji an ce "masu zuba jari daga waje" sai su ce an sayar da ƙasa. Wasu kuma sai su ce arziki ya zo. Dukkansu ba su tsaya sun tambayi wane irin kuɗi ne ba, alhali abu uku ne ake cakuɗawa: akwai bashi, akwai kwangila, akwai jari. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kamfanin Sin ne ya gina, da rancen da aka karɓo daga wani bankin Sin. Wannan bashi ne, kuma yaran da ke zaune a ƙasa a ajinmu suna cikin masu biya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wani kamfanin Fotugal aka ba aikin. Wannan kwangila ce, zai gama a biya shi ya tafi. Jari kuwa shi ne mutum ya kawo dukiyarsa ya kafa masana'anta, in an ci riba ya ci, in an faɗi ya faɗi.

Irin wannan na ukun iyayenmu sun gan shi a Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna. A 1964 aka kafa babbar masaƙar UNTL da jarin Sinawan Hong Kong. Waɗannan masaƙu sun sayi audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi, sun ɗauki dubban ma'aikata, kuma albashinsu ya biya wa yara da yawa kuɗin makaranta, wataƙila har da wasu da ke zaune a nan. Da wutar lantarki ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, aka cika kasuwa da atamfar fasa-ƙwauri, sai injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma ta rufe ƙofarta a 2007. Yau a Kantin Kwari akasarin yadin da muke saya daga waje yake zuwa. Baƙo ne ya taya mu gina masaƙa jiya, baƙo ne kuma yake kawo mana kayan da suka maye gurbinta yau. Ashe ba launin fatar baƙon ne abin dubawa ba, abin da ya zo yi ne.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai jari riba ta kawo shi, kuma ba laifi ba ne. Namu shi ne mu koya wa jama'a tambayoyin da za su yi idan an zo auna gonakinsu. Nawa ne diyya, kuma hannun wa za ta shiga? 'Ya'yanmu nawa za a ɗauka, kuma a wane matsayi? Kayan aikin daga manomanmu za a saya ko daga waje za a kawo? Ruwan dattin masana'antar ina zai kwarara, cikin rafin da muke sha ne? Akwai kuma tambaya ɗaya da ta dawo kanmu. Mai masana'anta yana bukatar wanda zai karanta littafin inji ya fahimta, ya auna abu daidai, ya rubuta rahoto. Wannan ma'aikacin yanzu yana aji uku a hannunmu. Idan ya bar firamare bai iya karatu da lissafi ba, baƙon zai kawo gwani daga ƙasarsu, ɗanmu kuma a ba shi sanda da tocila ya tsare ƙofa.

Mu zo ga kwamfuta, wadda ita ce gardamar da ta fi daɗi a gindin bishiya. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro a ƙasashe matalauta kwamfutar dala 100. A 2007 aka gwada shirin a wata firamare a Galadima da ke Abuja, aka raba wa yara 'yan ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari. Duniya ta zo ta ɗauki hoto. Ba a daɗe ba matsalolin da kowa a nan zai iya lissafawa suka bayyana: wutar caji, kuɗin man janareta, kuɗin intanet, da wanda zai gyara idan ta lalace. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba a wurin yaran da aka raba wa.

Mu ma mun ga namu. Wata shekara aka kawo wa makarantarmu kyautar kwamfuta 20 na tebur. Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka yanka zare, yara suka yi tafi. Makarantar ba ta da wuta. An haɗo da janareta, amma ba a haɗo da mai ba. Aka kuma gaya wa shugaban makaranta cewa idan ko waya ɗaya ta ɓace daga albashinsa za a cire. Bawan Allah ya yi abin da kowannenmu zai yi, ya sayo kwado biyu ya garƙame ɗakin. Bayan shekara uku da aka buɗe, ɓeraye sun cinye wayoyi, ƙurar hunturu ta cika injunan, babu yaro ɗaya da ya taɓa danna harafi. A makarantar da ke maƙwabtaka da mu kuwa, wata malama ta yi adashi ta sayi tsohuwar kwamfutar cinya guda ɗaya, iyayen yara suka haɗa kuɗi suka sayi ƙaramin farantin sola da batir da firinta. Da wannan take buga wa 'yan aji biyu gajerun labarai da Hausa su tafi da su gida, da ita take haɗa sakamakon jarrabawa, ranar Juma'a kuma 'yan aji shida su shigo biyar-biyar kowa ya rubuta sunansa da hannunsa. Guda ɗaya mai aiki ta fi 20 da ke bayan kwado.

Darasin a fili yake. Wuta ce farko, sai malamin da ya iya, sai mai gyara da kuɗin gyara, sannan na'ura. Duk wanda ya fara daga ƙarshe ya ɗora jinka ne kafin ya gina bango. Amma kada wannan ya sa mu ce kwamfuta ba ta talaka ba ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yin ta. Jarrabawar rajistar malamai ta TRCN ma haka. Yaron ƙauye da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya riƙe linzamin kwamfuta, rabin lokacinsa a tsoro zai tafi, ko da ya fi ɗan birni ƙwaƙwalwa. Ga 'yan'uwa masu niyyar saya wa kansu, shawararmu ita ce kada a ci bashin albashi domin ƙyalƙyali. Ta hannu mai lafiya ta isa aikin malami. A cire caja a gaban mai sayarwa a ga tsawon lokacin da batir zai yi, a danna kowane harafi, a gwada kowace kafa da filashi, a nemi mai ram gig 8 da ma'ajiya irin wadda 'yan kasuwa ke kira SSD, a tambaya ko ana samun batirinta da cajarta a kasuwar kusa, a kuma karɓi rasiɗi. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Na ƙarshe, siyasa. A nan ne muryoyinmu suka fi tashi, a nan ne kuma muka fi ɓata lokaci, domin gardamarmu a kan mutane take, wane ya fi wane, jam'iyyar wane ta fi ta wane. Abubuwan da ke taɓa tukunyarmu kuwa sai su wuce ta gefenmu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da take ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a shekarar da buhun shinkafa ya fi wannan kuɗi tsada a kasuwanni da yawa. Malamin da ke hawa babur zuwa ƙauye ya san lissafin nan fiye da kowane masanin tattalin arziki.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan kusa da mu. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. A majalisarmu wasu suka yi murna, wasu suka yi tsaki, kowa gwargwadon inda ya dangwala a zaɓe. Kaɗan ne suka tambaya: to albashin malamin firamare fa, wanda daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi? Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba za su ba mu labari. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 gwamnatin soja ta rushe ta, ta miƙa firamare ga ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa yin watanni babu albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Ba tsohon labari ba ne kawai. A 2025 malaman firamare na Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumominsu ba su biya su sabon albashi da bashin da suke bi ba. Shi ya sa uwar ƙungiyarmu ta daɗe tana cewa ba ta gaba da 'yancin ƙananan hukumomi, amma a ware albashin malamai tun daga tushe kafin a raba sauran. Wannan ita ce siyasar da ya kamata kowane malami ya iya bayyanawa ga maƙwabcinsa.

Haka nan idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, muna da abin tambaya da ya fi atamfa da taliya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko, amma jiha ba ta samun kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi, kuma an sha barin biliyoyin naira a Abuja saboda jihohi ba su ajiye ba. Mu tambaye shi, jiharmu ta ajiye nata? Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Mu tambaye shi matsayinsa a kanta. Kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, wannan 'yancinsa ne, amma kada mu shigar da jam'iyya cikin aji, kuma kada mu bari a jera yaranmu a rana domin tarbar wani.

'Yan'uwa, abubuwa huɗun nan, allura da jari da na'ura da alkawarin ɗan siyasa, duk daga wajen garinmu suke zuwa mana, kuma mun saba yi musu ɗayan biyu: ko mu rufe ƙofa gaba ɗaya, ko mu shimfiɗa tabarma ba tare da mun tambayi sunan baƙo ba. Duka biyun lalaci ne. Tambaya uku muke roƙon mu riƙe. Wa ya faɗa, kuma a ina ya gani? Wa zai amfana, wa zai biya? Idan abin ya lalace, wa za a kama? Idan kuma aka tambaye mu abin da ba mu bincika ba, babu kunya malami ya ce, "Ba ni zuwa gobe in tambayo." Matambayi ba ya ɓata, kuma ba ya ɓatar da na bayansa.

Muna gabatar wa reshe shawarwari uku. Na ɗaya, kowane zango a gayyato jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya zauna da mu, mu yi masa tambayoyin da iyaye ke yi mana, har da masu zafi. Na biyu, wakilan makarantu su ƙirgo mana kwamfutocin da ke kulle a ɗakuna, mu san masu rai da matattu, mu nemi izini a rubuce a haɗa masu aikin a inda akwai wuta. Na uku, a zaurenmu na WhatsApp kada kowa ya turo labarin lafiya ko na albashi sai da inda ya samo shi, wanda ya turo ba tushe a roƙe shi ya goge.

Yaron nan da muka ba ku labarinsa yanzu magidanci ne. Yana gyaran waya a bakin kasuwa, kuma kowace safiya yakan wuce ta ƙofar makarantarmu a kan kekensa na hannu, ya ɗaga mana hannu ya ce, "Malam, barka da asuba." A zangon da ya wuce ya kawo 'yarsa aji ɗaya. Da muke cike mata fom, ba mu tambaya ba ya zaro katin rigakafinta daga aljihu ya ajiye a kan tebur, kowane gurbi an cike. Bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Allah ya sa bakinmu ya zama alheri ga yaran da aka ba mu amana. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.